Kifayen Yumɓu na Iya 'Yar'azumi

"Ba za su shiga wutarmu ba, Ummussalma. Ki koma ki gaya mata haka."

Safara'u ce ta faɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana tsugune a matoya, filin da ke bayan gidajenmu inda magina tukwane suke gasa kayansu, tana juya wata randa tana dubawa. Ita ce babbar maginan unguwarmu a Haɗejia, ba abin da ke shiga wuta sai da yardarta. Ni kuwa ina tsaye cikin ranar bazara da kifin yumɓu a hannu, na naɗe shi a tsumma, gumi yana bin bayana.

Na ce, "Haba Safara'u, ko dubawa fa ba ki yi ba."

"Me zan duba? Abu mai ƙiba irin wannan in ya fashe ba shi kaɗai zai tafi ba, da tukwanen mutane zai tafi. Ran Alhamis ce wutarmu ta ƙarshe. Ba ki ga gabas ba? Ruwa na sauka, shi ke nan sai bayan damina."

Na riga na san za a yi haka, don mai kifin ta gaya mini tun kafin in fito. Sai na isar da saƙon yadda aka ba ni.

"Iya ta ce in kin ƙi, in tambaye ki abu ɗaya. Tun da kika san ta, wani abu nata ya taɓa fashewa a wuta?"

Safara'u ta ajiye randar. Ta goge hannunta a zani, ta miƙo. Ta kwance tsumman, ta juya kifin ta dubi cikinsa, ta kai baki ta hura. Ni na ɗauka ƙura take kaɗewa. Ta auna nauyinsa a tafin hannu, sannan ta yi wata 'yar dariya.

"Wannan tsohuwa! Su nawa ne?"

"Ashirin da bakwai."

"Ki kawo su ran Alhamis bayan azahar. A hannunta na koyi riƙe yumɓu, ina na isa in ce mata a'a sau biyu?"

Iya 'Yar'azumi maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da biyu. 'Yar masunta ce daga Kirikasamma, aure ya kawo ta gidan magina, ta zo ta fi 'yan gidan iyawa. Randar da nake shan ruwa a cikinta har yau ita ta gina. Da roba da ƙarfe suka cika kasuwa, ƙafafunta kuma suka fara kumbura, sai ta bar ginin tukwane. Mun ce ta huta. Ashe hutun nata shi ne ta zauna a ƙofar ɗaki tana gina kifi.

Ni dai tun farko ban ga amfanin abin ba, kuma na faɗa mata, don ni bakina ba ya riƙe magana. Na ce, "Iya, kifin da ba a ci, ba a dafa komai a cikinsa, na mene ne?"

Ta ce, "Jikokinki sun taɓa ganin giwan ruwa?"

"A ina za su gani?"

"To. Ni ina yarinya mutum biyu ke ɗaukar guda daga kwale-kwalen babana. Yanzu ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, abin da ake kawowa kasuwa duk 'yan ƙanana ne. Bari in ajiye kamanninsu kafin ni ma in manta."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya: giwan ruwa, ragon ruwa, kurungu, ƙarfasa, gaiwa, minjirya. Takardar buhun siminti take jiƙawa ta murɗe, ta lanƙwasa, ta ɗaure da zare har ta yi siffar kifi, sannan ta lulluɓe ta da yumɓu siriri. Ba ta yi musu ido, ba ta buɗe musu baki. Wani malami ya gaya mata cewa in siffar abu mai rai ba ta cika ba to da sauƙi, ita kuma ta riƙe wannan. A madadin ɓawo, zane take yi musu. Da tsinken tsintsiya take awo, da murfin kwalba take fitar da da'ira, ta jera 'yan kusurwa uku-uku tun daga wuya har wutsiya, kowace daidai da 'yar'uwarta. Mace ce da ba ta taɓa zama a aji ba, amma in ta raba bayan kifi gida goma sha biyu, ko da zare ka gwada ba za ka sami saɓani ba.

Daga baya jikarta Aziza, da ke aikin jinya a Legas, ta zo hutu ta nuna mata halittun teku a waya. Iya ta kwana biyu ba ta da zance sai wannan. Ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi ambaliyar fadama ba, amma ta gina wani mai hannu takwas, da wani mai kamar tauraro, da wani dunƙulalle mai ƙaya. Ta ce duka na Aziza ne, ta tafi da su in an gasa, ta nuna wa mutanen bakin teku cewa mu ma muna da namu.

Sai ciwo ya kwantar da ita kafin a gasa ko ɗaya. An kai ta asibiti, aka ce zuciya ce, aka ba ta magani aka dawo da ita. Ɗanyen yumɓu kuwa ba ya jiran kowa. Ɗakin da ta jera su yana yoyo, damina ɗaya ta isa ta mai da su taɓo. Ba abin da take tambaya in na shiga gaishe ta sai, "Yaya gabas?"

Da na kawo mata amsar Safara'u a ranar, har zama ta tashi ta yi. Ta ce, "Na san za ta yarda. Shekara hamsin da wani abu ina sa kaya a wuta, Salma, ko kasko bai taɓa tsagewa ba. Ba ni da gona, ba ni da zinariya. Wannan kaɗai nake da shi."

"To ki kwanta, Iya. Komai yana hannuna."

Abin da na faɗa ke nan, kuma da ma ban faɗa ba.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin kifayen in share. Suna kwance a gefe-gefe kan ƙaiƙayin shinkafa, sun bushe sarai. Ina cikin shara sai na ji ƙugin zanzaro. Na bi shi da ido, sai ga shi ya sauka a kan giwan ruwa ya shige cikinsa. Na duƙa na duba. Ashe akwai huji a ƙarƙashin cikin, ɗan daidai shigar tsinke mai kauri. Na duba na kusa da shi, shi ma haka. Duka ashirin da bakwai ɗin, kowane da hujinsa.

Duk wanda ya san ni ya san ba na ganin rami in wuce. A gidana ko ramin tururuwa bai kwana. Mijina Gwadabe yakan ce in ya daɗe yana hamma zan yaɓe masa baki. Na tsaya na ce a raina, Allah sarki, tsohuwa ciwo ya ci ƙarfinta, ta bar aiki ba ta ƙarasa ba, ga zanzaro zai cika mata su da ƙasa da tsutsa.

Na leƙa ɗakinta in tambaye ta. Barci take yi, barcin da ta kwana uku ba ta samu ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗan jima. Gaskiya ba tausayin barcin kaɗai ya hana ni tashinta ba. So nake in yi abin a ɓoye, in an gasa sun fito sumul in ce mata, kin ga abin da na gyara miki. Karambani ne da iyayi, ba wani abu ba.

Na haura gidana na ɗebo ragowar jar ƙasar da na yi yaɓen katanga da ita, na kwaɓa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na toshe, na shafe, na goga toka a kai don launin ya saje. Har na ja da baya ina kallon aikina ina jin daɗi. Zafin da ake yi a makon, kafin la'asar sun bushe.

Ran Alhamis Gwadabe ya kawo kurar dakon kaya. Muka shimfiɗa ciyawa, muka jera su a kan cikinsu, muka tura a hankali har matoya. Kafin mu fita Iya ta sa na buɗe mata taga ta wajen filin. Ta ce ko ba ta gani ba, ta ji ƙanshin hayaƙin.

Mata sun riga sun jera tukwane da tuluna da randuna a kife. Safara'u da kanta ta nuna inda za a sa kifayen, a tsakiya, inda wuta ta fi kyau. Wata ta ce, "Ba za a duba su ba?"

Safara'u ta ce, "Kayan Yaya 'Yar'azumi ne. Na duba ɗaya, ya isa."

Aka lulluɓe da kara da busasshiyar kacalla da kashin shanu, aka yi bisimilla aka sa wuta bayan la'asar. Muka ja gefe ƙarƙashin dalbejiya. Hadari yana ta haɗuwa a gabas, mata suna ta barkwanci, wata tana cewa yau Haɗejia za ta ga gasasshen kifin da ba ya ƙamshi. Ni ma ina dariya.

Ƙarar farko kamar an fasa kwalba ce a cikin ɗaki. Kowa ya yi tsit. Sai ta biyu, mai ƙarfi, har tartsatsi ya tashi sama. Daga nan suka yi ta bin juna. Tsibin kayan ya rufta ta tsakiya. Wata mata ta ɗora hannu a ka tana salati, don randunanta shida ne a wajen. Ba mai iya kusantar wutar, sai dai mu tsaya muna ji.

Safara'u ta juyo ta kalle ni, idonta ya yi ja da hayaƙi.

"Ba ta huda su ba."

Na ce, "Me?"

"Huji! Takarda ce a cikinsu. In ta kama wuta, hayaƙi da tururi ta ina za su fita? Wanda kika kawo mini da hujinsa, da bakina na hura na ji. Sauran ta manta ke nan." Ta girgiza kai. "Yaya 'Yar'azumi ta manta huji. Inna lillahi."

Mata goma sha wani abu suna tsaye, kowace da asararta a cikin wuta. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji matar nan mai randuna tana cewa, "Mutum in ya tsufa ya haƙura mana." Na rufe bakina. Tsoro ne ya kama ni, tsoron a juyo kaina, ni da nake gyara wa kowa aiki a unguwa.

Kafin magariba na shiga wajen Iya. Tana kwance ta fuskanci tagar. Ban yi sallama da ƙarfi ba, amma ta ji ni.

Ta ce, "Na ji su."

Na zauna a bakin gado.

"Akwai wanda ya tsira?"

"Sai an tone gobe, Iya."

"Babu. Na san ƙarar." Ta daɗe tana numfashi. "Na mutane nawa suka tafi da su?"

"Ba yawa."

"Kar ki yi mini ƙarya, Salma, ba halinki ba ne." Ta ɗago hannayenta tana kallo, ta juya su gaba da baya. "Na rantse na huda su. Ina tuna tsinken a hannuna. Ina tuna ina yi ina ƙirgawa. Ashe kaina ya daɗe da tafiya, ni ce ban sani ba."

A nan ne ya kamata in faɗa. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin, ba Safara'u, ba mai randuna. Kalma nawa ce? Ni na toshe su, Iya. Da ta zage ni, da ta kore ni, da ma ta jefe ni da kofin maganinta, da na samu sauƙi. Amma na dubi fuskarta na ji ba zan iya zama wadda ta yi mata wannan ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Haka Allah ya ƙaddara, Iya."

Ta ce, "Haka ne. Ki je ki ba Safara'u haƙuri. Ki ce mata ta yi gaskiya tun farko."

Na ce a raina gobe zan faɗa, in ta ɗan huce. Da safe na dama kunun gyaɗa na ɗauka, na shirya maganar tun daga gida. Ina shiga na tarar 'yan'uwanta sun iso daga Kirikasamma, ɗaki ya cika, har a ƙasa. Na ajiye kunun na sami gefe na zauna ina jiran su ragu. Ba su ragu ba.

Abin da na gani a ranar shi ya fi komai ci mini rai. Iya, wadda ke tuna ranar haihuwar kowane yaro a layinmu, ta daina yarda da kanta. Ta yi sallar azahar a zaune, ba a jima ba ta tambayi ƙanwarta, "Na yi azahar kuwa?" Aka ce ta yi. Ta ce, "Kun tabbata? Kar ku biye mini, ni yanzu ba na sanin abin da na yi." Aka ba ta magani ta sha, ta sake tambaya ko ta sha. Ba mantuwa take yi ba, na ga idonta, sarai take tunawa. Tsoron tunaninta take ji. 'Yan'uwan suna kallon juna suna cewa jiki ya yi nisa.

Da la'asar aka yi ruwan farko. Ta saurara, ta ce, "To, ga shi nan," ba ta ƙara ba.

Ran Asabar da safe ta sa aka kira ni. Muryarta ta yi ƙasa, sai da na kai kunne. Ƙanwarta tana riƙe da kanta, wasu mata biyu suna zaune a ƙafafunta.

"Salma, ki yafe ni. Na sa ki wahala a banza, ke da Gwadabe. Na sa kin ji kunya a gaban mata."

Na riƙe hannunta ina kuka. Na ce, "Na yafe, Iya. Ni ma ki yafe ni."

"Ke me kika yi mini? Ba ki taɓa yi mini komai ba sai alheri. Na yafe duniya da lahira."

Matan suka ce Allah sarki, maƙwabtaka ke nan. Na samu yafiyar da kowa ke nema a bakin mai tafiya, amma ta yafe abin da ba ta sani ba, kuma ni na san haka. Na sake matse hannunta na ce, "Iya," sai ƙanwarta ta ce in bar ta ta huta. Na bar ta. Kafin rana ta take tsaka ta cika.

Aziza ta iso washegari, an riga an kai Iya makwancinta. Bayan ta yi kukanta ta gaji, ta tambaye ni ina kifayen da kakarta take ta yi mata zancensu a waya. Wata daga cikin matan ta riga ni amsawa, ta ce sun fashe a wuta, marigayiya ta manta ba ta huda su ba. Aziza ta share ido ta ce, "Allah sarki Kaka. Tsufa ne." Ina zaune kusa da ita, gwiwata tana taɓa tata.

Ranar sadakar uku gidan ya cika. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida inda ƙasa ta ɗan sha iska, ana ta shigowa ana gaisuwa. Safara'u ta shigo ta yi wa 'yan'uwa ta'aziyya, ta duba wuri, ta zo ta zauna a gefena. Ba mu haɗu ba tun ranar wutar, saƙon haƙurin ma ban kai mata ba.

"Ya haƙuri, Ummussalma?"

"Da godiya."

Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro wani abu, ta kamo hannuna ta ƙarƙashin hijabi ta sa mini a tafi, ta naɗe yatsuna a kai.

A hankali ta ce, "Jiya na tone tokar. Yumɓunmu na fadama ne. Wannan jar ƙasar yaɓe ce." Ba ta kalle ni ba. "Har ta tafi tana ganin ita ce ta manta?"

Na sunkuyar da kai. Safara'u ta gyaɗa kai, ta tashi ta koma can wajen ƙofa ta zauna cikin sauran magina.

Daga waje liman ya ɗaga murya aka fara addu'a, mata suka ɗaga hannuwa. Na ɗan buɗe nawa a cikin hijabi na duba. Tsingaro ne na cikin kifi, bai kai tafin hannu ba. Layin 'yan kusurwoyin Iya yana nan a jere, wuta ta fito da su tsaf. A tsakiyarsu ga ɗan dunƙulen jar ƙasa ya gasu ya yi tauri, da shatin babban yatsana a kai, kowane layi ya fito.

Aka shafa fatiha. Ni da hannu ɗaya na shafa.